Fadamar Gwaggo a Port Klang

Zahraddeen bai gama murnar an sauka lafiya ba, wata nas ta miƙo masa leda mai ɗan nauyi, an ƙulle bakinta, har da ɗuminta. Ya sa hannu biyu ya karɓa yana ta godiya, a zatonsa kayan matarsa Ramatu ne. Sai da nas ɗin ta yi masa bayani da Turanci, tana nuna cikinta tana nuna ƙasa, sannan ya gane mabiyiyar ɗansa ce a hannunsa. Ta ce a nan uba ake damƙa wa, ya je ya wanke ya binne. Saura ƙiris ya saki ledar a tsakiyar asibitin.

Mutumin nan fa ba yaro ba ne. Malamin jami'a ne a gida, gwamnati ta turo shi Kuala Lumpur yin digiri na uku a kan tarihin biranen bakin teku, in ya fara zuba a kan Malaka da Penang sai ka roƙe shi ya yi shiru. Amma bai taɓa tambayar kansa ina mabiyiya take zuwa ba. A Kano mata ne ke gama wannan sha'ani a bayan ɗaki, namiji sai dai a yi masa barka ya tafi cinikin rago.

Sa'arsa ɗaya, surukarsa tana gari. Mahaifiyar Ramatu, wadda kowa har 'ya'yan cikinta suke kira Gwaggo, ta taso tun daga ƙauyensu na gefen kogin Haɗeja domin wankan jego, kuma wannan ne hawan jirginta na farko. Ramatu ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, shi ya sa da cikin ya tsaya babu wanda ya isa ya hana tsohuwar nan zuwa. Gwaggo ta karɓi ledar ba ta ko ɗaga kai ba. Ta shiga banɗaki ta wanke abin tas, ta naɗe a farin ƙyalle, ta sa a wani ɗan ƙoƙo mai murfi da ta zo da shi. Sannan ta kwance wani ƙulli a gefen zaninta, sai ga jar ƙasa cikin tafin hannu. Daga bayan ɗakinta ta ɗebo, ta ratsa filayen jirgi da ita babu wanda ya tambaye ta. Ta zuba a ƙoƙon ta rufe.

Washegari da aka sallamo Ramatu, Gwaggo ta tsaya a tsakiyar falo ta tambayi bango, "Ina bayan gidan nan yake?"

Bango ta tambaya saboda ba ta magana da Zahraddeen kai tsaye. Tun da ya auri Ramatu ba su taɓa haɗa ido ba, ba ta taɓa kama sunansa ba, shi kuma in zai gaishe ta sai ya durƙusa tun daga bakin ƙofa. A ƙauye wannan kunya ba ta da wahala, gida da faɗi. A ɗan gidansu na unguwar Sentul kuwa, can sama a bene, ta zame musu aiki. In ta fito falo ya gudu baranda, abinci ma sai ya sauka shagon mamak, masu sayar da abinci a bakin titi, ya ci, don ba zai tauna a gabanta ba. Duk maganar da za su yi Ramatu ce ke ɗauka daga wannan ta kai wa wancan.

"Gwaggo, gidan nan ba shi da baya," in ji Ramatu daga kan gado. "Ƙasanmu mutane ne, samanmu mutane ne."

"To ina ake binne abu?"

Zahraddeen ya raɗa wa Ramatu cewa akwai babbar tukunyar fure a baranda. Ramatu ta isar da saƙo.

"Tukunyar fure?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Jikana ne ko tumatir? Ki gaya masa ƙasa nake nema, wadda ke haɗe da ƙasa. Duk jikan da aka haifa mini ni na binne tasa da hannuna, kuma na san inda kowacce take kwance. Ita ce ke kiran mutum gida. Yaron nan an haife shi a uwa duniya, in ban haɗa tasa da ƙasarmu na sa a ƙasa ba, me zai kira shi? Haka zai girma ba mu san shi ba bai san mu ba."

Ba wasa take yi ba. Ramatu ta kalli mijinta da idanu jajur. "Please, ka samo wuri," ta ce a hankali. "Tun jiya ba ta ci komai ba."

Nan fa aka shiga neman ƙasa a garin da ya shafe ƙasarsa da siminti. Zahraddeen ya sayo 'yar fartanya a kedai, wato kantin unguwa, ya sauka lambun gidan ya sara, sai ji ya yi ƙarfe ya daki dutse. Ashe ciyawar shimfiɗa ce kawai, ƙarƙashinta wurin ajiye motoci ne. Kafin ya miƙe mai gadi ya iso yana kaɗa hannu. Da yamma suka gwada lambun Titiwangsa, Gwaggo ta ga masu gudu da masu tura yara da masu ɗaukar hoto, ta ce ko kuɗin sata ba za ta binne a nan ba. Wata maƙwabciyarsu Bamalaya ta ce ana iya kaiwa gefen maƙabarta. Gwaggo ta ce Allah Ya kiyaye ta kai abin mai rai unguwar matattu. Dole ƙoƙon ya kwana a firiji, ita kuma ta shimfiɗa tabarma kusa da shi.

A nan ne Zahraddeen ya tuna wani ƙauyen masunta da ke kudu da Port Klang, babbar tashar jiragen ruwan da ke ciyar da Kuala Lumpur. Bara ya sha zuwa can yana hira da tsofaffi saboda bincikensa. Bayan ƙauyen akwai tudu mai itatuwan kwakwa, ƙasa busasshiya, ba kowa. Ramatu ta isar, Gwaggo ta ce to.

Matsalar ita ce mai jego ba ta fita. Da asuba sai ga suruka da suruki su kaɗai a tsohuwar mota, babu mai ɗaukar magana. Gwaggo ta shige baya ta lulluɓe, ƙoƙon a cinyarta. Zahraddeen ya karkatar da madubi don kada idonsa ya yi kuskure.

Shirun ya yi masa yawa, sai ya fara ba sitiyari labari. Ya gaya masa Kuala Lumpur kanta asalinta mashaya ce, inda kwale-kwalen masu neman kuza ke tsayawa saboda kogi ya ƙi wucewa da su. Ya gaya masa yadda fatake daga Indiya da Sin da ƙasar Larabawa ke zuwa da iska ɗaya, su zauna wata da watanni suna jiran iskar komawa, kafin ta juyo wasu sun yi aure sun manta hanya. Ya ce haka biranen bakin teku suke haifuwa, da baƙi. Daga kujerar baya aka ce, "Uhm."

Da suka kusa tashar, manyan motoci suka cika hanya, kowacce da kwantena a baya. Can sai ga kwantenonin a jibge, ja da shuɗi da kore, an ɗora wata kan wata har sun fi bene, ga injunan ɗaga kaya da dogayen wuya sun jeru a bayansu. Gwaggo ta yaye mayafi ta manna fuska a gilashi.

"Gidajen su wane ne waɗannan babu taga?" ta tambayi gilashin.

"Kaya ne a ciki," Zahraddeen ya amsa wa sitiyari. "Shinkafa, tufafi, firiji, komai da komai. Wasu har Ikko za su."

"Duk wannan? Mutane za su ci su ƙare?" Ta yi salati. Sannan ta hango wani abu a bayan injunan, ta ɗauka unguwa ce, sai unguwar ta motsa. Da aka ce mata jirgin ruwa ne, ta ƙanƙame ƙoƙon.

Shi nasa mamakin yana gaba. Da suka karya kwanar ƙauyen, babu ƙauyen. Shingen langa-langa ne ya miƙe iya ganin ido, ta cikin ƙofarsa ana hango katafila tana tura jar ƙasa. Babu gidajen katako, babu rumfar da ya sha shayi, babu kwakwa ko ɗaya, tudun ma an baje shi. Ya fito ya tsaya baki buɗe. Ya san da shirin faɗaɗa tashar, shi da kansa ya rubuta babi guda yana yaba shi, amma a takarda abin ya yi kama da na wata shekara can gaba. Ya nufi ƙofar, mai gadi ya tare shi. "Tak boleh, tak boleh," wato an hana, yana nuna masa hanyar da ya fito. Ya rasa da wane baki zai gaya wa Gwaggo.

Ya ja motar ya bi gefen shingen don kawai kada ya tsaya, har hanya ta ƙare a wata tsohuwar gadar katako da masunta suka bari. Gwaggo ta buɗe ƙofa ta fito. Ta tsaya, ta sa hannu ta kare rana, fuskarta ta washe a karo na farko tun saukarta ƙasar nan.

"Alhamdulillahi. Ga fadama."

A gabansu fili ne baƙi, shimfiɗaɗɗe, yana ƙyalli da laima, ya tafi ya tafi har ido ya gaji. Ruwa yana can nesa kamar zare. A tsakiya akwai wani tudun yashi mai haske, tsakaninsa da gaɓa wani ɗan kwari ne marar zurfi. Duk wanda ya tashi a gefen Haɗeja ya ga wannan zai ce kogi ne ya janye bayan damina, saura a zo a yafa iri.

Zahraddeen kuwa ya san mene ne. Ya durƙusa, ya kalli takalminsa.

"Gwaggo, wai ruwan nan yana dawowa."

"Wane ruwa ne ba ya dawowa?" ta gaya wa filin. "Kafin damina ƙasa ta riƙe abinta. Kuma inda ruwa ke kwanciya ba a gini, babu mai zuwa ya tone."

"Wai shi wannan ba ya jiran damina. Anjima ma yakan iya zuwa."

Gwaggo ta ɗaga kai ta duba gabas, ta duba yamma. Sama fes, ko gajimare babu. Ta yi 'yar dariya ta hanci, irin wadda ake yi wa ɗan boko in ya ji tsoron taɓo. "A bakin kogi aka haife ni, ubana masunci ne. Ruwa ba ya zuwa ba sallama. Sai an yi hadari, sai ya canza launi, sai kwaɗi sun faɗa."

Abin da ya kamata ya yi a bayyane yake. Ya miƙe tsaye ya ce a'a, ba za ki shiga ba, wannan teku ne, kullum yake fita kullum yake dawowa, kuma ya kusa. Ya san wannan kamar sunansa. Amma ta yaya mutum zai tsaya a gaban uwar matarsa ya ƙaryata ta, a kan ruwa kuma, ita 'yar masunta, shi da ko ƙafarsa bai taɓa tsomawa a tekun da yake rubutu a kai ba? Ga shi ya yi kwana biyu yana yawo da ita bai samo mata ko taki ɗaya na ƙasa ba. Sai ya lallashi kansa cewa aikin ba zai daɗe ba, za ta fito kafin komai ya faru. Wannan kunyar tana ba shi haushi har yau, domin ita ta rufe masa baki.

Gwaggo ta cire takalmi, ta ɗaure zani tamau, ta karɓi fartanya ba tare da hannunsu ya haɗu ba. "A gidanmu uba ba ya ganin wurin," ta gaya wa gadar. "A juya baya. Kada a waiwayo sai na yi magana."

Ya juya. Ya ji takunta cikin taɓo, caɓ, caɓ, yana nisa har ya ɓace.

Ya tsaya a ƙasan gadar yana kallon shingen langa-langa. Ya karanta duk abin da ya zo bakinsa. Rana ta fara zafi, gumi ya jiƙa masa wuya. Sau da yawa wuyansa ya fara juyawa da kansa ya dawo da shi, don an ce kada a waiwayo. Ya kasa kunne ko zai ji ƙarar igiyar ruwa, bai ji komai ba, sai ya ɗan samu natsuwa. Bai san a irin wannan fili ruwa ba ya ƙara ba.

Sanyi ya ji a dunduniya. Ya duba ƙasa, sai ga ruwa siriri ya zo ta bayansa ya wuce tsakanin ƙafafunsa, yana tura 'yar kumfa a gaba, cikin natsuwa kamar an zubar da ruwan wanki a tsakar gida. Ya waiwaya.

Filin nan babu shi. Kwarin da ke tsakiya ya zama kogi mai gudu. Tudun yashin ya koma kamar faifai, a kansa ga Gwaggo a sunkuye, ta ba teku baya, tana ta haƙa. Ramin yana cika da ruwa tana kwashewa, a zatonta idon ruwa ta tarar. Ƙoƙon yana ajiye a gefenta.

"Gwaggo!"

Bai san yana da wannan muryar ba. Ya afka da kaftaninsa, taɓo ya cinye takalmansa tun a takun farko. A kwarin ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai ciki, yana jan ƙafafunsa gefe, shi kuma bai iya iyo ba. Yana tafe yana ihu. Gwaggo ta ɗago ta dubi dama, ta dubi hagu, ta dubi inda ta baro gaɓa. Fartanyar ta faɗi daga hannunta. Ta yunƙura za ta taka, ƙafa ta ƙi, tsayuwar haƙan nan ta sa yashi ya haɗiye ta har gwiwa.

Yana hawowa tudun, ruwa ya shafe shi gaba ɗaya. A kan idonsu ƙoƙon ya ɗaga, ya yi ɗan juyi, ya fara tafiya.

"Kama shi!" Gwaggo ta miƙa hannu har ta kusa kifewa. "Bar ni, kama shi!"

Ƙoƙon bai yi nisa ba. Zahraddeen ya bi shi, taku kaɗan ƙasa ta gudu daga ƙarƙashinsa, ya nutse har wuya, ya sha ruwan gishiri. Ya taso da ƙyar. Ƙoƙon yana gabansa kaɗan, yana lilo, farin ƙyallen ya leƙo ta gefen murfi. Ya waiwaya, ruwa ya kai wa Gwaggo cinya, kuma ba ta ko kallon kanta, ƙoƙon take nunawa. Ya san in ya ƙara gaba ba zai dawo ba, in ma ya dawo ba zai same ta a tsaye ba. Ya juya wa ƙoƙon baya.

Ya sa hannuwa biyu ya rungumo surukarsa ta ƙarƙashin hammata ya ja. Ta yi salati da ƙarfi, ba don ruwan ba, don hannunsa. Ya sake ja, yashi ya saki ƙafa ɗaya, ya saki ɗayar. Ya sunkuya ya saɓa ta a baya kamar goyo. Abin da ya fi gigita shi rashin nauyinta, matar da gida guda ke tsoro ashe ba ta fi buhun dusa ba. Tana dukan kafaɗarsa tana kuka a kunnensa, "Ga shi can! Sauke ni, ga shi can!" A kwarin ruwa ya kai masa ƙirji, ya dinga laluben ƙasa da yatsun ƙafa, bai san yadda aka yi suka haye ba. Kafin su kai gadar ta daina dukansa, ta kifa fuska a mayafinta.

Suka zauna a kan katakon, ita a wannan gefe shi a wancan, taɓo har gira. Ruwa yana dukan ƙafafun gadar a ƙarƙashinsu. Duk inda ta taka ɗazu ya zama teku, har wani ƙaton jirgi yana wucewa can gaba da kwantenoni a kansa. Ƙoƙon ya bi gefe ya zama ɗigo, daga nan ba su ƙara ganinsa ba.

Gwaggo ta daɗe tana kallon sama.

"Babu hadari," ta ce. "Ba a yi ruwa a ko'ina ba."

"Haka yake yi, Gwaggo. Kullum. Da yamma zai sake janyewa, ya sake dawowa."

"Ka sani?"

Ya ɗago a firgice. Ba katako take tambaya ba, ba ruwa ba. Shi take kallo.

"Na sani."

"Ka sani, ka tsaya kana yi min magana kamar mai roƙon gishiri a maƙwabta? Wai, wai. Da ka daka min tsawa mana! Da na ji haushinka na kwana biyu, da yanzu abina yana hannuna."

Hawaye ya zubo masa, bai ɓoye ba, don babu sauran abin da ya rage a ɓoye tsakaninsu. Ita ma ta share nata da bakin mayafi, ta koma kallon inda ƙoƙon ya ɓace. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Kai da ka karanta shi. Ruwan nan ina ya nufa?"

Ya gaya mata. Ya ce wannan mashigin yana fita babban teku, ya wuce Indiya, ya wuce ƙasar Larabawa, ya zagaya ƙasan Afirka ya hau har Ikko. Ya ce duk ruwa ɗaya ne, shi ya sa jiragen nan suke zuwa ko'ina, kuma kogin Kwara ma a cikinsa yake zubawa.

Ta gyara zama. Wani ɗan haske ya dawo idonta, Zahraddeen ya hango tambayar kafin ta iso.

"Namu fa? Na Haɗeja. Shi ma yana haɗuwa da shi?"

Kalma ɗaya za ta kwantar mata da hankali, kuma babu wanda zai taɓa ƙaryata shi a ƙauyensu. Amma ɗazun nan ya ga abin da tausasa magana ya jawo.

"A'a, Gwaggo. Namu gabas yake yi, ya bi ta Yobe ya ƙare a tafkin Chadi. Ba ya zuwa teku."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta daɗe tana gyaɗawa. "To babu abin da zai kira shi ke nan," ta ce. "Sai kai. Kai za ka kawo mana shi da ƙafarka, ya sha ruwanmu, ya san ƙofar ɗakina. Ka gama karatun nan ku tattaro ku dawo."

Shi da Ramatu sun riga sun gama shawara tun cikin yana ƙarami. An yi masa tayin aiki a wata cibiyar binciken harkar tashoshin ruwa, in ya kammala nan za su zauna, yaro ya yi makaranta a nan. Sun bar shi a kan ba za a gaya wa Gwaggo ba sai ta koma gida ta huta. Ga ta yanzu tana kallon tsakiyar idonsa tana jira.

"Gwaggo, akwai maganar da ba mu gaya miki ba."

Ya faɗa mata duka, babu wai a ciki. Ba ta katse shi ba, ba ta yi salati ba. Da ya gama ta dubi ruwan, ta dubi hannuwanta da yashi ya cika wa farce.

"Ashe wahalar banza na yi," ta ce. "Tun kafin ruwan nan ya ɗauke shi kun riga kun ɗauke shi."

Ta juya masa baya, ta fara matse gefen zaninta.